Daga Mariri Zuwa Gadar Wudil: Abin da ke Shaƙe Sautin Duma a Motocin Haya

Garin Wudil yana kudu maso gabashin birnin Kano, da tazarar da ta ɗan haura kilomita 40, a kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri, kuma ya kafu ne a gaɓar kogin da ruwan Challawa da na Kogin Kano suke haɗuwa su haifar, wanda a nan ake kira Kogin Wudil, idan ya yi gabas kuma a kira shi Kogin Haɗeja. An san garin da kasuwar Juma'a, wadda kararta ta shanu tana cikin mafiya girma a Nijeriya, an kuma san shi da ɗinkin hannu na manyan riguna da ginin tukwane da kamun kifi, sannan bisa al'adar masarauta Makaman Kano, daga gidan Joɓawa, shi ne hakiminsa. A shekarun baya-bayan nan ya ƙara zama garin karatu, saboda jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin Kano ta buɗe a 2001, wadda aka mayar wa suna Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022, da kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. Kasuwa da makarantu duk ababen hawa suke jawowa, kuma wanda ya bi wannan hanya yana kasa kunne zai gane cewa kusan kowace mota tana tafe da nata sautin, mafi yawansu kuma sautin ba shi da lafiya.

Tafiya daga birni takan fara ne daga Hotoro, ta ratsa Mariri inda babbar kasuwar goro take, sannan gine-gine su fara ja da baya, gonakin dawa da gero su bayyana, har a wuce Ladin Makole a doshi kogi. Hanyar tagwaye ce, ɓangaren farko na aikin Kano zuwa Maiduguri da gwamnatin tarayya ta bayar a 2006, kuma a safiyar Juma'a takan cika da ƙananan motocin haya irin su Golf da Sharon, da bas-bas na hayis, da tifofin da ke ɗebo yashi daga kogi, da manyan motocin da za su yi lodin shanu zuwa Kudu, da kuma adaidaita sahu, waɗanda suka yawaita a jihar tun da aka hana acaɓa a birni a farkon 2013. Matafiyin da ya zauna a kujerar baya ta ƙaramar mota, wato ya jingina da but inda akan ajiye akwatin babbar sifika, shi ya fi kowa sanin halin da sautin yake ciki, domin da gadon bayansa yake ji kafin ya ji da kunne. Abin da zai fara lura da shi shi ne, muddin karatun Alƙur'ani ko tafsiri ko labaran safe direba ya kunna, murya tana fita tas, haka nan idan tsohon faifan Mamman Shata ne da kalangunsa. Amma da zarar an koma waƙar zamani da aka haɗa a situdiyo da fiyano da kwamfuta, sai kiɗan ya shaƙe, ya riƙa tsagewa a kan kowane bugu, lambar mota ta kama rawa a baya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a cikin wannan bambanci mabuɗin matsalar yake.

Sauti girgizar iska ne, ana kuma auna shi da yawan girgizar da ke aukuwa a daƙiƙa guda, ma'aunin da ake kira haz, daga sunan masanin Jamus Heinrich Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga haz 20 zuwa 20,000. Abin da ke ƙasa a cikin wannan zango shi ne sauti mai kauri irin na tambari ko rugugin tsawa daga nesa, abin da ke sama kuma shi ne siriri irin na sarewa. Muryar namiji ba ta cika sauka ƙasa da haz 85 ba, kalangu ma muryarsa a tsakiya take, shi ya sa ƙananan sifikun ƙofa suke ɗaukarsu ba tare da wahala ba. Kiɗan zamani kuwa yakan sauka har haz 40 ko 50, kuma wannan yanki, wanda matasa ke kira duma, shi aka ƙera wa babbar sifika mai faɗin inci 10 ko 12, wadda masu sana'a ke kira wufa. Wahalar duma ita ce yawan iskar da sai an tura kafin a ji shi: a sarari, duk lokacin da adadin girgiza ya ragu da rabi, faifan sifika sai ya yi kai-kawo ninki huɗu kafin ya ba da ƙarfi daidai da na farko, kuma wannan kai-kawo wuta yake ci.

Ƙirar sifika ba ta canja ba sosai tun 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana tsarinta. Naɗin siririyar wayar jan ƙarfe ne, wanda ake kira koyil, yana rataye a cikin wani matsattsen rami na maganaɗisu, an manna shi a gindin faifai na takarda ko roba, bakin faifan kuma yana da leɓe mai laushi da ke riƙe shi a jikin ƙarfe. Idan wuta ta bi ta koyil sai maganaɗisu ya tura shi gaba ko ya jawo shi baya, faifai ya bi shi, iska ta girgiza. Wutar da rediyon mota ke fitarwa ba ta isa wannan aiki, don haka ake sa amfilifaya a tsakani, wato na'urar da ke karɓar ƙaramin sauti ta kumbura shi da wutar batir. Sarƙa ce ke nan mai zobba da yawa, daga waƙar kanta zuwa rediyo, zuwa amfilifaya da wayoyin da ke ciyar da ita, zuwa wufa da akwatinta, har jikin motar. Amma da yake a wufa ake jin ciwon, ita kaɗai ake ɗora wa laifi, alhali sau da yawa ita ce mafi lafiya a cikinsu.

Idan aka iso gada a ranar kasuwa tafiya takan koma jan ƙafa, a hango masunta da 'yan yashi a ƙasa, masu tallan soyayyen kifi su kewaye tagogi. A gefen titi da bakin tasha ne rumfunan masu wayarin da masu gyaran rediyo suke, kuma kokensu ɗaya ne da na takwarorinsu a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a birni: direba ya tsaya ya ce, "Malam, wufar nan ta fashe, a canja mini wata." A nan ake bambanta gwani da ɗan koyo, domin ɗan koyo yakan kama kwance akwati nan take, gwani kuwa yakan ce, "Alhaji, ƙara sautin mu ji tukuna," sannan ya zagaya bayan mota ya dafa lamba da tafin hannu, ya dafa murfin but, ya dafa allon da ke bayan kujeru. Idan ƙarar kwaram-kwaram ta ɗauke a ƙarƙashin hannunsa, to ba a sifika take ba, ƙarfe ne ko roba da hanya ta sassauta, ko jak da sifana da ke kwance kusa da safaya, maganinta kuma guntun tsohon tif na taya da ɗaure noti. Motocin wannan hanya galibi tsofaffi ne da suka gama rayuwa ɗaya a Turai kafin su shigo ta Kwatano ko Legas, sun kuma sha lodi, don haka irin wannan ƙara ita ce mafi yawa kuma mafi sauƙin magani.

Bayan jikin mota sai waƙar kanta. Yawancin direbobi a wurin masu tura waƙoƙi suke cika memori ko filash, kuma waƙar da ta bi ta wayoyi da yawa, aka matse ta don ta yi ƙanƙanta, wani kuma ya ƙara mata ƙarfi a kwamfuta don ta fi ta maƙwabci tashi, takan iso a tsage tun daga tushe. Gwajin ba ya cin kuɗi: a sa wata waƙar da aka san lafiyarta, a kuma saurari ta farkon da abin sawa a kunne, idan a nan ma tana tsagewa, babu abin gyarawa a mota.

Zuciyar al'amarin tana cikin amfilifaya, kuma nan ne ya cancanci a tsaya. Igiyar sauti mai lafiya hawa da sauka take yi a lanƙwashe, kamar igiyar ruwa a kogi, kuma kowace amfilifaya tana da rufin da igiyar ba za ta iya wucewa ba, wanda ƙarfin wutar cikinta ya ƙayyade. Idan aka nemi ta kumbura sauti fiye da wannan rufi ba ta ƙin aiki, sai dai ta aske kan kowace igiya ta bar shi a baje, wannan askewa kuma ita ce shaƙewar da kunne ke ji, domin igiyar da aka aske tana haifar da wasu sautuka masu kaifi da babu su a cikin waƙar. Illar ba ta tsaya a kunne ba. Igiyar da aka aske ƙwarai tana iya ɗaukar wuta har kusan ninki biyu na mai lafiya da tsayinsu yake ɗaya, ba tare da faifan ya ƙara kai-kawon da ke fifita koyil ba, don haka zafi yake taruwa, gam ya narke, naɗin ya saki ko ya ƙone. Ta haka ne wufa mai lafiya take mutuwa, a sayo sabuwa a ɗaura a kan amfilifayar da ba a taɓa saitinta ba, bayan 'yan makonni ita ma ta bi sahun 'yar'uwarta, a ce kayan yanzu ba su da ƙwari.

Abin da ke jawo wannan galibi wani ɗan maɓalli ne a jikin amfilifaya da masu sana'a ke kira gen, wanda mutane da yawa suka ɗauka na ƙara murya ne, suna murɗa shi har ƙarshe don a faranta wa mai mota. Aikinsa shi ne daidaita amfilifaya da ƙarfin abin da rediyo ke aiko mata, yadda ba za ta kai rufinta ba sai rediyon ya kusa kai nasa. Kusa da shi akwai maɓallin ƙarin duma, wanda ya fi shi ɓarna, saboda ƙarfin sauti da desibel ake auna shi, kuma ƙarin desibel 3 yana neman wuta ninki biyu, ƙarin 6 ninki huɗu, ƙarin 10 ninki goma. Amfilifayar da ke aiki a rabin ƙarfinta, da an murɗa wannan maɓalli kaɗan ta riga ta kai rufi. Saiti na gaskiya da mitar auna wuta ake yinsa, lissafinsa kuma bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Idan amfilifaya tana ba da wat 100 na gaskiya ga wufa mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wuta), sai a ninka 100 sau 4 a sami 400, a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 400, wato 20; daga nan a cire wayar wufa, a kashe ƙarin duma, a kai rediyo kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, a kunna sautin gwaji na haz 50, a murɗa gen a hankali har mita ta nuna bolt 20, a tsaya. Sai kuma rariyar sauti, wato maɓallin da ke tace abin da zai isa wufa, a ajiye ta a kusan haz 80 don kada muryar mawaƙi ta faɗa cikin duma ta dagula shi.

Cunkoson gada da kansa yana tona wani asirin. Matafiyi zai lura cewa kiɗan da ya yi dama-dama ana gudu a buɗaɗɗiyar hanya ya fi shaƙewa idan mota ta tsaya injin yana silo, dalili kuwa shi ne rufin amfilifaya yana sauka tare da wutar da ke shigar mata. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 idan mota a kashe take, da kusan 13.8 zuwa 14.4 idan injin yana aiki altaneta tana caji, amma a silo altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya, idan tsohuwar ƙira ce da ke zubar da kusan rabin wutarta a zafi, tana iya jan fiye da amfiya 60, alhali altanetar ƙaramar mota ba ta wuce amfiya 70 zuwa 90 ba, kuma da ita fitilu da fanka da injin kansa suke ci. Shi ya sa da daddare ake ganin fitilun wasu motoci suna lumshewa da kowane bugun kiɗa, a adaidaita sahu ma abin ya fi muni saboda ƙanƙantar batir da na'urar cajinta. Waya tana ƙara nata: mai araha da ke cike da kasuwa sau da yawa alminiyam ce da aka shafa wa jan ƙarfe, ƙarfin ɗaukar wutarta bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe zalla ba, wata kuma kaurinta duk na roba ne. Wayar da ke komawa jikin mota ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, a naɗe ta a kan noti mai fenti ko tsatsa, alhali ya kamata ta zama gajeruwa, kaurinta ɗaya da mai kawo wuta, a kankare fenti har ƙarfe ya yi fari kafin a ɗaure ta. Alamar rashin kamunta wani siririn fito ne da ke hawa da sauka tare da totur. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wayar da aka ja daga batir zuwa but babu fiyus a kusa da batir, domin ranar da ƙarfe ya yanke robarta a ƙarƙashin kafet, gobara ce a cikin mota mai ɗauke da mutane.

Lambobin da ke jikin kwali su ma suna yaudara, kuma kallon kitse ake yi wa rogo. Wat 3,000 da aka rubuta da manyan haruffa galibi ƙarfin ƙiftawar ido ne, ko ma adadin talla kawai. Abin dogaro shi ne ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai, wanda ake yi wa alama da RMS. Fiyus ɗin jikin amfilifaya ba ya ƙarya: idan na amfiya 20 ne, a ninka shi da bolt 14, duk wutar da za ta iya shiga ba ta wuce wat 280 ba, abin da zai fita kuwa bai kai haka ba. Haka nan wufa biyu masu om 4 da aka haɗa a kan baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 2, don haka amfilifayar da aka ƙera wa om 4 za ta yi zafi, ta shaƙe, ta riƙa ɗaukewa.

Sai an wanke duk waɗannan daga zargi ake komawa kan wufa. A kashe sauti, a baza yatsu kewaye da tsakiyar faifan a tura shi a hankali. Idan ya shiga ya dawo sumul lafiyarsa ƙalau, idan aka ji ƙir-ƙir koyil yana gurzar maganaɗisu, idan ya ƙi motsi ya ƙone. Mita ya kamata ta nuna tsakanin om 3 da 4 a kan wufa mai om 4. Yanayin ƙasar Kano ba ya tausaya wa wannan na'ura, domin a watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin but ɗin motar da ta yini a rana a bakin kara kuwa ya fi haka nesa, leɓen soso ya bushe ya marmashe, ƙurar hunturu ta shiga ramin koyil. Masu sake naɗin koyil suna da basira da ta cancanci yabo, sai dai kaurin waya ko yawan zagaye idan ya saɓa wa na asali, om ya canja ke nan. Akwatin ma ba ma'aji ba ne kawai, iskar cikinsa ce ke tallafe faifan, kuma tun 1961 injiniyan Ostareliya Neville Thiele ya nuna yadda ake lissafa girman akwati da na hancinsa, wato kafar da iska ke bi, daidai da sifika. Akwatin da kafinta ya haɗa da ido daga siririn filawud, ko wanda ya tsage yana huci, yakan bar faifan ya wuce iyakarsa har gindin koyil ya riƙa bugun ƙarfe kaf-kaf. A ranar Juma'a kuma buhun masara da aka danna a but yakan toshe hancin akwatin ko ya danne faifan gaba ɗaya.

A hanyar komawa da yamma, fasinjoji sun gaji da rana da ciniki, wata fuskar al'amarin take bayyana. Sautin da ya shaƙe ya fi mai tsabta gajiyar da kunne, kuma direban da bai ji duma sosai ba ƙara murya yake yi, wanda ke ƙara shaƙewar. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne desibel 85 na awa takwas, kowane ƙarin desibel 3 kuma yana rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 100 kusan minti 15 ne kacal. Jin da ƙara ta kashe kuwa ba ya dawowa. Fasinja awa guda yake yi ya sauka, direba da yaron mota su ne ke yini a ciki, kuma direban da kiɗa ya hana shi jin hon na tirela a bayansa ya saka rayukan da aka ba shi amana cikin haɗari.

Wudil tana da jami'a mai koyar da injiniyancin lantarki da kwalejin fasaha ta gwamnati, a gefensu kuma ga masu wayarin da suka koyi sana'a da hannu da kunne a wurin iyayen gidansu, waɗanda lissafin bolt da om kaɗai ya rage musu. Ya kamata malaman waɗannan makarantu da shugabannin ƙungiyoyin masu sana'a su shirya bita ta 'yan kwanaki, da Hausa, a bakin tasha inda aikin yake, a koyar da riƙon mita da saitin gen da sa fiyus. Direba kuma, kafin ya ciro kuɗin sabuwar wufa, ya nemi mai gyara ya ɗora mita a bakin amfilifaya kiɗa yana tashi, ya ga adadin da idonsa.